Tara Biyu a Gaban Ninong Ambo

Ranar Juma'a ce, rana ta ƙarshe cikin makonni biyun da gidan karta ya ba Perlita Dimaano na gwaji. Aikin da take nema, ko cikin masu zuwa gidan kullum ba kowa ya san da shi ba. Gida yakan biya mutum albashin awa-awa ya zauna a duk teburin da mutane suka yi ƙaranci, ya yi wasa da kuɗin aljihunsa, don kada teburin ya watse. Albashin ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin da ya kawo Perlita shi ne inshorar lafiyar da ke tare da shi. Mijinta Efren yana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, kuma tun da aka rufe gidan kula da tsofaffin da take aiki, inshorarsu ta tsohon wurin saura mata wata guda ta ƙare.

Ni na koya mata wasan. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi, rabi can ƙasarmu a Batangas, rabi a nan Daly City, shi ya sa har yau mutanenmu Maestro suke ce mini, wato malam. Irin kartar da ake kira foka muke yi, mai ƙayyadadden zubi. Kowa da katunansa biyu a rufe, biyar kuma a tsakiyar tebur na kowa da kowa ne: a buɗe uku a tare, sannan na huɗu, sannan na biyar. Ba ka zuba abin da ka ga dama. A teburinmu dala takwas ce kafin kati na huɗu, da ya faɗo kuma sai ta koma sha shida.

A kan wannan katin muka fi daɗewa ni da ita, a teburin kicin ɗinta, Efren yana kwance a falo yana jinmu.

"Hannu mai ƙarfi ba ya bukatar malami," na ce mata. "Hannun banza ma haka. Wanda ke cinye mutane shi ne na tsaka-tsaki, wanda ya fi wasu, wasu suka fi shi. In ke ce ta ƙarshe a magana, abokin wasa ya ƙwanƙwasa tebur ya wuce miki, hanya biyu gare ki. Ko ki zuba sha shida, da niyyar in ya ninka miki ki jefar da katunan ba gardama. Ko ke ma ki wuce, ki ajiye sha shidan nan don ki bi shi a kati na ƙarshe."

"To wacce ce daidai, Maestro?"

"Mutumin za ki duba. Mai bin kowane zubi da hannun banza, ki zuba masa. Mai lafewa ya jira ki zuba sannan ya ninka, ki wuce. Kada ki sa yatsa a bakinsa."

"Kamar wa?"

"Kamar Ninong ɗinki," in ji Efren daga falo, muka yi dariya.

Ambrosio Salonga, wanda kowa ke kira Manong Ambo, wato Yaya Ambo, shi ya riƙe Perlita a coci ranar da aka yi mata baftisma, don haka ita Ninong take ce masa, kuma a wurinmu uban baftisma uba ne. Shi ya tarbe ta a filin jirgi da ta zo ƙasar nan. A gidansa ta zauna har ta yi aure. Shekara ashirin ke nan yana zama kujera ɗaya a tebur na uku, daga sha biyun rana zuwa biyar na yamma, kuma ba wanda ya kai shi iya lafewa.

Mu kuwa muna da wata al'ada da muka zo da ita daga ƙasarmu ba tare da wani ya kafa ta ba. In hannu ya rage tsakanin 'yan ƙasarmu biyu, baƙi duk sun jefar, ba a zuba wa juna. Wannan ya ƙwanƙwasa, wancan ya ƙwanƙwasa, a buɗe katuna, wanda ya ci ya ɗauka. Ƙarami kuwa ya zuba wa babba, wannan kamar ya ɗaga masa murya ne a gaban jama'a. Ni ma na yi shekaru ina yi, ban taɓa ganin aibinsa ba, sai da ya zo kan Perlita.

Ranar Talatar mako na biyu hannu ya rage daga ita sai Ninong ɗinta, tana da katin goma guda uku, hannun da ko makaho zai zuba. Ta wuce, ya wuce, suka buɗe. Varujan, wani Ba'armeniye mai garejin gyaran mota da ya jefar da katunansa tun farko, ya miƙe tsaye ya kira mai kula da zaure.

Greta Lindqvist ce mai kula da zauren rana. Ba ta da hayaniya. Ta ja Perlita gefe wajen injin kofi, ina jin abin da take cewa.

"Baƙo in ya yi wa abokinsa sassauci, ina iya kau da kai. Ke ba baƙuwa ba ce, gida ke biyanki. In kin matsa wa Varujan ya fita sannan kika tausaya wa danginki, kun haɗa masa kai ke nan, ko kin nufa ko ba ki nufa ba. Na ƙara gani sau ɗaya, babu aiki. Ba zan tambayi dalili ba."

A daren na je gidan Ambo na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurare ni yana ɓare gyaɗa.

"Tirso," ya ce da ni, "kai dai malanta ba ta sake ka ba. Wata Greta ce za ta koya mini yadda zan zauna da 'yata? Yarinyar da na goya?"

"Ba koya maka za a yi ba. Ka bar ta ta zuba maka kawai. Ko ka huta a gida kwana uku."

"Matar nan baki ne kawai da ita. Ci gyaɗa."

Laraba da Alhamis Allah ya taimaka, aka yi ta kai Perlita wasu tebura. Ranar Juma'a da ƙarfe biyu tebur na uku ya rage mu biyar, Greta ta ɗago hannu daga kan mumbarinta ta nuna mata kujerar da ba kowa. Perlita ba ta da zaɓi. Ta zo da tiren kwabban wasanta ta zauna, kujera biyu tsakaninta da Ambo.

"Madalla, taron dangi ya cika," in ji Varujan. "A kawo alade a gasa mana."

"Kai da ba ka da dangi sai tsohuwar marsandi, ina ruwanka?" in ji Ambo, bakinsa cike da taliya. "'Yata, kin ci abinci? Yaya Efren?"

"Da sauƙi, Ninong. Yana gaishe ka."

"Ki ce masa ya bar gishirin nan."

Awa guda da 'yan mintuna ba su haɗu ba. Na lura tana jefar da hannayen da a wata rana za ta shiga da su, duk lokacin da ta ga Ambo ya shiga. Na lura Greta ma ta lura. Ta sauko daga mumbari ta zo ta tsaya a bayan mai raba karta, hannuwanta a naɗe, kamar mai jiran wani abu daban. Ƙarfe huɗu aikin Perlita zai tashi. Agogon bango ya nuna uku da ashirin.

A lokacin ban san abin da ke hannunta ba, sai a ƙarshe na gani, amma gara in faɗa tun yanzu: katin tara guda biyu ne. Ni na jefar da nawa. Varujan ya shiga da takwas. Perlita ce ta ƙarshe a magana, ta duba katunanta ta ninka zuwa sha shida, yadda na koya mata, don hannun ya fi ƙarfin a jefar, ko Greta na kallo ko ba ta kallo. Ambo ya ture farantinsa gefe ya bi. Varujan ya bi.

Mai rabon karta ta buɗe uku: sarki, bakwai, huɗu.

Ambo ya ƙwanƙwasa. Varujan ya ƙwanƙwasa. Perlita ta zuba takwas. Har nan ba laifi, akwai baƙo a ciki. Ambo ya bi ba tare da ya dube ta ba. Varujan ya ɗaga gefen katunansa ya sake dubawa, ya yi tsaki, ya wurga su.

"To, na ba ku wuri," ya ce, ya jingina da kujera yana kallon Greta. "Ku gaisa."

Kati na huɗu ya faɗo. Biyu ne, bai canza komai ba.

Ambo ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu da yatsa, a hankali, ya yi murmushi. "Wuce, 'yata. Mu ga abin da Allah ya ba mu."

Na gane irin hannun da ke gare ta tun daga yadda ta tsaya. Da hannu mai ƙarfi ne da ba ta tsaya ba, da na banza ne da ta wuce ba nauyi a ranta. Na tsaka-tsaki ne. Duk sarkin da ke hannun Ambo ya fi ta, duk bakwai ko huɗu ita ta fi shi. Kuma mutumin da ke gabanta shi ne wanda muka yi misali da shi a kicin. Lissafi ya ce ta wuce. Al'ada ta ce ta wuce. A karo na farko su biyun sun yarda da juna, ga kuma Greta a tsaye, wadda ba ta ganin katunan, ba za ta ga komai ba sai yatsa biyu suna ƙwanƙwasa tebur ɗaya bayan ɗaya, kamar ranar Talata.

Perlita ta ɗago ta dube ni. Dokar tebur ita ce hannu ɗaya mutum ɗaya, ko gira ban isa in ɗaga mata ba. Na sunkuyar da kai ina gyara kwabbaina. Abin da na koya mata na karta ne, wannan kuwa ya wuce karta.

"Naki ne," in ji mai rabo.

Hannunta na dama yana kan tebur, yatsun a lanƙwashe, tsakaninsu da ƙwanƙwasawa bai kai faɗin kati ba. Ta janye shi. Ta yanko kwabbai takwas na dala bibbiyu, ta jera su huɗu-huɗu a gabanta yadda ma'aikatan gida ke yi, ta tura.

"Sha shida," ta ce.

Har Varujan ya bar kaɗa ƙafa. Murmushin Ambo bai tafi nan take ba, ya ɗan zauna a fuskarsa kamar yana jiran a ce wasa ne.

"Ni kika zuba wa?"

"Wasa ne, Ninong."

"Na ji. Tambaya na yi. Ni?"

"Manong," in ji Greta, "zubi ne a gabanka. Ka bi, ka ninka, ko ka jefar."

Bai dube ta ba. Ya goge yatsunsa da takarda ɗaya bayan ɗaya, ya yanko kwabbai, ya tura da bayan hannu har jerin ya rushe.

"Talatin da biyu. Tunda 'yar gida ta zama ma'aikaciyar gida."

Ga abin da na ce kada ta yi, ta sa yatsa, an cije. Yanzu darasin a bayyane yake: ta jefar. Mutum irin Ambo in ya lafe ya ninka a kati na huɗu, sau tara cikin goma ya fi tara biyu. Amma na san shi shekara arba'in, na kuma san in ransa ya ɓaci yana iya ninkawa da takardar cefane. Ita ma ta sani. Ta daɗe tana kallon sarkin da ke tsakiyar tebur.

"Ki jefar mana," in ji Varujan a hankali. "Ki tura masa tulin, ba wanda ya ga katin kowa. Wannan ma ai hanya ce."

"Varujan, ba ka cikin hannun," in ji Greta.

Perlita ta ƙara sha shida. "Na bi."

Kati na biyar takwas ne. Ambo bai jira ya gama sauka ba ya zuba sha shida. Wannan karon ba ta daɗe ba. Ta bi.

Ya kifar da katunansa a buɗe: sarki da bakwai. Tun katuna ukun farko yake da tagwaye biyu, sarki biyu da bakwai biyu. Wato lokacin da ya ce mata ta wuce, ba lafewa yake yi ba. Ya riga ya cinye ta, yana neman ya bar mata kuɗinta ne.

Wanda aka cinye yana da damar tura katunansa a rufe, yawanci haka ake yi. Perlita ta juya nata ta shimfiɗa su a tsakiya, tara da tara, ta ɗan tura su wajen da Greta take.

Varujan ya leƙo. "Da wannan kika bi shi har gida? Kai. Ni na janye maganata, wannan ba sassauci ba ne, wannan asara ce tsagwaronta."

Greta ta dubi katunan, ta dubi tulin da mai rabo ke turawa gaban Ambo, ta koma mumbarinta.

Ambo ya jera kwabbansa a tire, a natse, launi-launi. Perlita ta taso ta zagayo ta miƙa hannu za ta ɗauki nasa ta kai goshinta, yadda muke gaida manya. Hannuwansa biyu suna riƙe da tire, bai sauke ba.

"Ninong, don Allah."

"Zauna, kina kan aiki. Kada a rage miki albashi." Ya ɗaga murya ya kira mumbari. "Greta, a canza mini tebur."

"Akwai kujera a na shida, Manong."

Ya bar farantin taliyarsa a nan. Shekara ashirin ban taɓa ganin bayansa daga tebur na uku ba sai ran nan.

Aka ci gaba da rabo. Hannu biyu suka wuce, Perlita tana jefarwa ba tare da ta duba sosai ba. Da aka zo canza mai rabo aka sami ɗan tsaiko, Perlita ta matso kusa da ni.

"Maestro, gaya mini gaskiya. Zubin daidai ne?"

Na so in ce mata e. Amma ban taɓa ba ɗalibi maki a kan amsar da ba ita ba.

"In karta kaɗai ake dubawa, wucewa ta fi. Da wani ne ba Ambo ba, da zubin ya yi. Bin ninkin kuma kuskure ne, kin sani."

"Na sani. Tun da ya tura na san sarki ne."

"To me ya sa?"

"In na jefar a rufe, me Greta za ta gani? Ta ga na zuba sau ɗaya na ba shi tuli. Sai ta ce dabara muka canza. Dole a ga katuna." Ta murza idonta da bayan hannu. "Kuma ban san yana da tagwaye biyu ba. Da gaske yake ce mini in wuce."

"Da gaske yake."

"Zai huce?"

"Ban sani ba, 'yata. Zan je wurinsa. Ba yau ba."

Ƙarfe huɗu saura kwata Greta ta dawo da wata takarda a hannu, ta ajiye a gefen tiren Perlita.

"Litinin ƙarfe tara ki je ofis da katin shaidarki da na mijinki. Inshora tana farawa ranar ɗaya ga wata. Ki cike shafi na biyu a gida, yana da tsawo."

Perlita ta riƙe takardar da hannu biyu. "Na gode."

"Ba kyauta ba ce. Abin da na gani yau nake so in gani kullum, ban da bin ninki da tara biyu." Ta waiwaya ta dubi zauren. "Saura miki minti sha biyar. Nan mutane sun ƙaru kun koma bakwai, na shida kuma mutum biyu sun tashi, sun rage huɗu. Ɗauki tirenki."

"Na shida?"

"Na shida."

Na duba can. Ambo yana zaune ya ba mu baya, kujerar da ke hagunsa ba kowa. Perlita ta ninke takardar gida huɗu ta sa a aljihun rigarta, ta danna maɓallin aljihun. Ta jera sauran kwabbanta, ɗaya ya faɗi ya gangara ƙarƙashin tebur, Varujan ya sunkuya ya ɗauko mata.

"In ya ninka, ki jefar," ya ce. "Kyauta na ba ki wannan."

Ta ɗauki tiren ta ratsa tsakanin tebura. Na ga ta tsaya a bayan kujerar ta ce wani abu. Ambo bai juyo ba, amma ya janye kofinsa daga gabanta don ta sami wurin ajiye tire. Mai rabo ta tambaye ta ko za ta shiga yanzu ko za ta jira zagaye, ta ce yanzu, aka jefa mata katuna biyu.